Ƙashin Da Ya Ƙi Kamawa

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo wai Shulan ta cika baƙar zuciya, wai ta tausaya wa mijinta tunda majinyaci ne, ku gyara zama. Yau za ku ga mutumin da kuke karewa.

*

Likita Tao ta manna hoton ƙashin a jikin fitilar bango, ta ja da baya, ta harɗe hannuwa.

Ko Shulan da ba ta yi dogon karatu ba ta gane abin da take gani. Ga ƙwaurin mijinta nan fari tas. Ga ƙarfen da aka ɗaure shi da kusoshi tun ranar da ya faɗo daga rufin ɗakin gasa taba. Ga kuma karayar a tsakiya, baƙa wuluk, baki buɗe kamar jiya aka yi ta. Kakar taba ta wuce, wata ta zagayo, ƙashin Duan Baogui bai matsa ko'ina ba.

"Malam Duan," in ji likitar, "kara nawa kake sha a rana?"

"Ni?" Baogui ya dafe ƙirji. "Likita, tun ranar da kika yi min aiki ban sa karan sigari a bakina ba. Na rantse da kabarin ubana."

"Bar ubanka ya huta. Fitsarinka na tambaya, shi kuwa ba ya rantsuwa."

"To ai garinmu ne. Iskar ma taba ce. Kowane gida ana gasa ganye, ko jariri kika gwada..."

"Na sha gwada mutanen garinku. Na san na wanda ya shaƙa a hanya, na san na wanda ya samu wuri ya zauna ya zuƙa har cikin huhu. Naka na mai zama ne."

Inna, uwar Baogui, tana gefen gado rungume da kwanon romo. Ta yi gyaran murya.

"Likita, ni tsohuwa ce, ban san hoto ba, amma na san ƙashi. Romo yake so. Ki tambayi wannan," ta nuna Shulan da haɓa, "irin romon da take ba shi. Ruwa ne zalla. Ko ƙuda ne ya faɗa ciki da yunwa zai fito."

Shulan ta kau da kai. Ba yau aka fara ba.

"Inna, ko saniya guda za ta riƙa dafa masa kullum, ba za ta kai wurin ba," in ji likitar. "Ƙashi da jini yake ɗinkewa. Jinin kuma ta wasu 'yan siraran jijiyoyi yake bi, taba kuwa tsuke su take yi. Ku manoma ne. Kamar mutum ne ya taka tiyon ban-ruwa ya tsaya a kai, yana tambayar me ya sa gona ta bushe."

Ta ɗaga ƙafar wandon Baogui, ta danna gefen ɗinkin da yatsa. Ya yi 'yar ƙara.

"Kun ga nan ya fara ja? Ban so ganin haka ba."

Ta cire safar hannu ta jefa a kwando.

"Dama ɗaya ta rage maka. Zan ɗebo ƙashi daga ƙugunka in cike ramin. Amma ba zan taɓa wuƙa ba sai fitsarinka ya fito fes. In na yi aikin kana sha, sabon ƙashin ma mutuwa zai yi, wurin ya ruɓe. Daga nan kuma sai zarto."

"Zarto?"

"Daga ƙasan gwiwa."

*

A hanyar gida Shulan ce ke tuƙa babur mai ƙafa uku, uwa da ɗa suna baya a kan buhunan taki, ƙafar a miƙe bisa matashi. Tun daga ƙofar asibiti Inna ta buɗe baki, ba ta sake rufe shi ba.

"Yarinya ƙarama, ko furfura ɗaya ba ta da ita, wai zarto. Ubanta kafinta ne?"

Shulan ta ƙara wa baburin wuta. Inna ta ci gaba.

"A zamaninmu mutum ya karye, a ɗaura masa ganye da 'yan sanduna, kafin a cire masara yana bin garma. Amma a lokacin mata na da hannu. Yanzu kuwa mace ta dafa ƙashi kamar wanke shi aka sa ta."

"Baban Yanyan," Shulan ta ce, ba ta ko waiwaya ba, "kana sha?"

"Kin ji rantsuwata."

"Na ji. Kana sha?"

"Wato kin fi yarda da kwalbar fitsari a kan mijinki."

"Kwalbar ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

"Ka ji ko?" in ji Inna. "Ka ji abin da ka auro mana."

Baogui ya juya kai yana kallon gonaki, fuskar nan a marairaice, shi a dole an zalunce shi. Ni dai na faɗa muku tun a shafukan baya, mutumin nan ko ina kwana ya ce maka, leƙa waje ka tabbatar gari ya waye.

Abin da ke cin Shulan shi ne ta yi duk abin da mace za ta iya. Ta kwashe duk ashanar gidan ta kulle a akwatinta. Ta je ta ja wa mai shagon bakin titi kunne. Kullum da yamma sai ta kama yatsunsa ta shinshina, ita da kanta tana jin ƙyamar abin da take yi, ba ta jin komai sai sabulu. Bakinsa kuwa tafarnuwa, don Inna ta ce tafarnuwa na ƙara jini. Rigarsa na warin taba, to amma a kakar gasa ganye wa ba ya wari? Hatta kajin garin warin taba suke yi.

Ita ta riƙa goya shi zuwa bayi a watannin farko, ƙato da shi. Ita ta yi dashe, ta yi noma, ta karya ganye har tafin hannunta ya yi baƙi da danƙo. 'Yarsu Yanyan na makarantar kwana, ko rabin abin da ake ciki ba ta sani ba. Ladan duk wannan wahala, matan garin na nuna ta da baki a bakin famfo, wai ga wadda ta kasa warkar da miji. Inna ce ta kai musu labarin, gida-gida.

*

Washegari ana gama cin abincin rana, Inna ta miƙo mata jaka kamar kullum.

"Je ki wurin mahaucin bakin gada. Ƙashin cinya, mai ɓargo. Kada ki sake sayo min na wancan ɗan banzan na kusa."

"Na kusan ma saniya yake yankawa, Inna."

"Na ce bakin gada."

Bakin gada ba kusa ba ne, zuwa da dawowa sai rana ta karkata. Shulan ta riƙe jakar, ta tsaya tana kallon tsohuwar. Kullum bakin gada, kullum bayan abinci. Kullum kuma tana juya baya za ta ji ana cewa a kai shi bayan ɗakin gasa taba, ƙafar ta sha rana.

Sai yanzu ta gane da gangan ake nisantar da ita. Kunyar kanta ta kama ta, ita da take ganin ta fi kowa wayo a gidan.

"To, Inna."

Ta tada baburin da ƙarfi don kowa ya ji. Ta fita, ta sha kwana, ta kashe shi a bayan masarar maƙwabta. Ta sauka ta dawo da ƙafa ta cikin kunyoyin gona.

Tun kafin ta kai kusurwar ɗakin ta ji shi.

Gulul, gulul, gulul.

Sautin da ta sani tun tana goye, ruwa na motsi a cikin gora. Ta leƙa.

Baogui na kishingiɗe a kujera, ƙafar a ɗore bisa matashin da ita ta ɗinka masa. Tsakanin cinyoyinsa gorar taba ce, irin wadda ake zuƙa da ruwa a ciki, ta marigayi ubansa, mai tsawon hannun mutum, wadda aka ce an rataye ta a ɗakin Inna don tunawa da mai ita. Ya cusa baki da haɓa a bakin gorar, ido a lumshe, kumatu na shiga suna fita. Ya ɗago kai ya saki hayaƙi ta hanci, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

Ba shi kaɗai ba ne. Ga Tsoho Kang, maƙwabcinsu mai haƙori uku, a tsugune yana ɓare gyaɗa. Ga Shugaba Pang, shugaban ƙauye, ya baje tumbi a kan 'yar kujera kusa da bakin murhun da ke gasa ganye.

Tana kallo Pang ya zaro jan kwali daga aljihu, ya buga gindinsa, ya miƙa wa Baogui kara ɗaya. Baogui ya sa hannu biyu ya karɓa, har da ɗan rusunawa, sannan nan da nan ya miƙa wa uwarsa. Inna ta soke karan a ɗan bututun da ke gefen gorar, ta ɗauko garwashi da awartaki, ta kunna masa. A gefenta ga ƙwarya cike da ɓararriyar tafarnuwa, ga sabulu, ga butar ruwa.

Ashe shi ya sa yatsun ke ƙamshi.

Shulan ta fito.

"Sannunku da jinya."

Baogui ya sarƙe. Tari ya turnuƙe shi har hawaye, yana ƙoƙarin tura gorar bayan kujera, kamar abu mai tsawon hannu zai ɓuya a bayan mutum. Tsoho Kang ya tsaya da gyaɗa a baki.

Inna kuwa ko gezau.

"Ina ƙashin da na aike ki?"

"Ban je ba."

"Don me?"

"Na ce bari in zo in ga yadda ƙafar ke shan rana."

"To kin gani."

"Na gani, Inna. Na gani sarai."

Tsohuwar ta ajiye awartakin, ta miƙe tana kakkaɓe zani.

"Kin ga karan sigari a bakinsa?"

"Na ga gora."

"Gora aka hana? Sigari likita ta ce, da kunnena na ji. Tun daga ranar ban bar takarda ta taɓa leɓen ɗana ba. Zo nan, ke mai ido."

Ta fizgo gorar daga bayan kujera, ta karkata ta. Ruwa ya kwararo ƙasa, baƙi-baƙi, mai yauƙi, warinsa ya bugi hanci.

"Dubi nan da kyau. Kin ga wannan? Dafin ke nan. Duk a ruwa yake zama, abin da ke wucewa cikinsa wankakke ne. Kullum da safe nake canza ruwan da hannuna, na rijiya, mai sanyi. Ubansa haka ya sha har ya haura tamanin."

"Da tari ya mutu, Inna. Ni na riƙa zubar da kaskon tofinsa."

"Da tsufa ya mutu."

Abin takaicin, jama'a, tsohuwar ba ƙarya take yi ba. Har cikin ranta ta yarda magani take yi wa ɗanta. Tana nuna ruwan nan da alfahari, sai ka ce wani abin kirki ta haifa.

"In wankakke ne," in ji Shulan, "me ya sa ake aike na bakin gada?"

"Don bakinki. Mutum ba zai sha iska a gidan ubansa ba sai kin cika mana kunne."

Shulan ta bar ta. Ta juya wajen mijinta, wanda ya samu wani abin kallo a farcen hannunsa.

"Ita tsohuwa ce, ba ta sani ba. Kai fa?"

Baogui ya ci gaba da kallon farcen.

"Baban Yanyan, da kai nake. Ranar da za a sallame ka, Inna ta fita sayo maka taliya. Daga ni sai kai sai likita. Me ka tambaye ta?"

"Na manta."

"Ni ban manta ba. Cewa ka yi, likita, gora fa? Me ta ce maka?"

"Shulan, akwai baƙi."

"Ta ce ruwa sanyaya hayaƙi kawai yake yi, don ka ƙara zuƙa da zurfi. Ta ce gora ta fi kara illa a wajenka. Ka ce ka ji, har da godiya. Haka aka yi ko ba haka ba?"

Inna ta juya ta kalli ɗanta.

"Baogui, ta faɗi haka?"

"Inna, likitoci ai komai hanawa suke yi."

"Ka ce min sigari kaɗai."

"To ai... kusan duk ɗaya ne."

Shulan ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ka bar uwarka tana kunna maka wuta da hannunta, tana murna. Ka bar ta tana yawo gida-gida wai romona ne ya hana ka warkewa. Jiya a gaban likita ta zage ni, kana zaune, ka sunkuyar da kai kamar ɗan maraya. Kai ka san komai."

"Kaɗan nake sha."

"Kaɗan ɗin ne a hoton."

Shugaba Pang ya ga abin zai yi tsawo. Ya gyara tumbi, ya ɗaga hannu irin yadda yake yi a taron ƙauye.

"Ƙanwata, sassauta. Maza na zaune."

"Na gan su, Shugaba. Zaman ne aikinsu."

"Ke mace ce, ba za ki gane ba. Mutum ya bar aikinsa ya zo duba ka, ya miƙo maka kara, ka ce a'a? Ai gara ka mare shi. Haka muka taras, haka iyayenmu suka yi. Baogui ɗan mutunci ne. Duk zuwan da nake yi, bai taɓa mayar min da hannu ba."

"Duk zuwan da kake yi."

"Kusan kullum. Zumunci ai ba wasa ba ne."

"Wato kai ne mai kawowa."

"Mai kyau ma kuwa. Ba na ba shi na talakawa."

Shi Pang shi ke raba wa kowa kason ganyen da za a saya a ƙarshen kaka, don haka ba a saba mayar masa da magana ba. Shulan ta san haka. Yau dai ba ta damu ba.

"Shugaba, ranar da za a yanke ƙafar, taka za ka ara masa?"

"Haba, wace irin magana ce wannan."

"Tambaya ce. Lokacin da nake goya shi zuwa bayi ina zumuncin yake? Ban ga mutunci ya zo ya ɗauki kaskon fitsari ba. Ban ga mutunci a gona ba ranar da ruwa ya kwantar min da taba. Amma da an ce wuta da hayaƙi, ga ku nan reras kamar ƙudaje."

Fuskar Pang ta yi ja. Ya kalli Baogui, irin kallon nan na ka tsawata wa matarka.

Tsoho Kang ya tofar da ɓawon gyaɗa, ya washe haƙoransa uku.

"Baogui, ka ba ta wandon kawai ta riƙa sawa. Kai da ƙafa ɗaya kake amfani da shi."

Pang ya fashe da dariya, tumbin na rawa. Baogui ya cije leɓe.

"Shulan, wuce ciki."

"In yi me? Romo?"

"Na ce ki wuce ciki. Za mu yi magana."

"Mun gama magana. Zaɓi zan ba ka, a gaban abokan naka, tunda su ne mutuncinka. Gora ko ƙafa?"

"Kada ki mai da ni yaro."

"Yaro ya fi ka, shi in ya ƙone sau ɗaya yana gudun wuta. Gora ko ƙafa?"

Idonsa ne ya amsa, don ya sauka kan gorar da ke hannun Inna, ya daɗe a can.

Shulan ta ji wani abu ya mutu a ranta. Ba fushi ba ne, fushi ai na wanda ake ganin girmansa ne. Raini ne tsagwaronsa. Wannan shi ne mutumin da ta kwana biyu a tsaye a ƙofar ɗakin tiyata saboda shi.

Ta miƙa hannu ta fizge gorar.

"Ke," in ji Inna, ta riƙo mata riga. "Ta mijina ce. Saki."

Shulan ta ɓamɓare yatsun tsohuwar a hankali, ta taka zuwa bakin murhu, ta buɗe ƙyauren ƙarfen da ƙafa. Zafi ya bugo fuskarta. Ta cusa gorar ciki har ƙarshe, ta mayar da ƙyauren ta rufe.

Ba wanda ya motsa. Can ciki aka ji tsohuwar gorar ta fashe, fas, sannan wani baƙin hayaƙi mai ɗoyi ya fara fitowa ta gefen ƙyauren.

Inna ta zube a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

"Abin da ya bar min ke nan. Shi ke nan abin da ya bar min."

Pang ya girgiza kai a hankali.

"Gorar ubanka, Baogui. A gabanka."

"A gabansa kuwa," in ji Kang. "Yana zaune."

Baogui ya dafa hannun kujera. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya sauke ƙafar daga kan matashin, ya ajiye ta a ƙasa.

"Ɗauki sandunanka," in ji Shulan. Suna nan jingine da bango, kusa da hannunsa.

"Ba na buƙata."

"An ce kada ka taka."

"An ce, an ce. Shekara guda ina jin an ce. Ke da likitarki kuna yi min fatan zarto. Yau za ki ga ƙafar."

"Baban Yanyan, zauna."

"Ki sake ce min zauna ki gani."

Ya yunƙura ya miƙe. Ya yi tangaɗi, ya tsaya. Gumi ya keto masa a goshi. Ya ɗaga lafiyayyar ƙafar, ya saki nauyinsa duka a kan karyayyar, ya taka.

Ƙafar ta ɗauke shi.

"Yauwa," in ji Pang, yana tafa hannu. "Ina likitar take? A kira ta ta zo ta ga hoto mai tafiya."

"Namiji," in ji Kang.

Inna ta ɗago kai, hawaye a kumatu, baki a washe.

"Kin gani? Kin ga abin da ruwa ya yi?"

Baogui ya kalli matarsa yana murmushin mugunta. Ya nuna ta da yatsa, ya sake ɗaga ƙafa ya nufo ta.

Ƙas.

Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an karya rake a bayan gida. Amma kowa ya ji ta.

Murmushin bai gama barin fuskarsa ba ya tafi ƙasa. Ya faɗi da gefe, cikin baƙin ruwan da uwarsa ta zubar. Ƙwaurin ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ihun ma bai fito ba, baki kawai ya buɗe yana neman iska. A jikin wandon, daidai wurin ɗinkin, wani jan tabo ya fito yana faɗaɗa.

Tsoho Kang ya miƙe yana ja da baya.

"Ni fa na bar wuta a murhuna."

Bai jira amsa ba ya bi ta cikin masara.

Inna ta rarrafo, tana so ta taɓa ƙafar tana tsoro. Ta kamo gefen wandon Shulan.

"Shulan. 'Yata. Yi wani abu."

Tun da aka kawo ta gidan nan tsohuwar ba ta taɓa kiran ta 'yata ba sai yau. Shulan ta kalle ta, ba ta ji komai ba.

"Kada ki taɓa shi. Kada kowa ya ja ƙafar."

Ta zaro waya daga aljihu. Abin ya ba ta haushi, wai har yanzu tana jin tsoro saboda shi. Ta danna lambar motar asibiti, ta kai kunne. Ta fara ƙara.

"Shulan," in ji Baogui, murya a shaƙe. "Yatsuna. Ba na jin yatsuna."

Shugaba Pang na tsaye, tumbin ya saki, fuskar ta yi fari. Ya kalli jinin, ya kalli hanyar da Kang ya bi, ya shafa aljihunsa. A duk rayuwarsa abu ɗaya ya sani ana yi wa namiji in yana cikin wahala. Ya zaro jan kwalin, ya buga gindinsa, ya tsuguna da ƙyar a gaban Baogui, ya miƙa masa kara.

"Karɓi, ɗan'uwa. Zai rage maka zafin."

Shulan ta sauke wayar daga kunne, ba ta kashe ba.

"Baban Yanyan, ka ji ni da kyau. Ka taɓa karan nan, in kashe wayar nan, in shiga in haɗa kayana. Shi da ya san zumunci ya goya ka."

Baogui ya kalle ta. Ya kalli Shugaba, hannun na nan a miƙe, yana jira. Ya kalli karan.

A cikin wayar muryar wata mata ta fito, tana tambayar wane ƙauye ne, wa ya ji ciwo.

Sai hannuwan Baogui suka fara ɗagowa daga ƙasa, duka biyun.